Me za mu kira "point d'information" da Hausa?

Malamin lise, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina riƙe da kulob ɗin muhawara na makarantarmu ta lise, wato babbar sakandare, a nan Kamaru, muna zama duk Laraba da yamma, yanzu kuma shirin gasar makon matasa muke yi kafin bikin ranar matasa ta ƙasa na 11 ga Fabrairu. Gasar da Faransanci ake yin ta, amma da yake yawancin yaran 'yan unguwar Hausawa ne, da Hausa nake fara musu atisaye. Na daɗe da lura cewa yaron da bai iya kare hujjarsa da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa ba, ba zai kare ta da Faransanci ba.

Tsarin gasar makarantun duniya muke bi, wadda aka fara a Ostireliya a 1988: mutum uku a kowane ɓangare, kowa minti 8, sai jawabin rufewa na minti 4. Sunayen ayyuka ba su ba ni wahala ba. Na farko mai share fage, na biyu mai ƙarin hujja, na uku mai warware hujjar abokan karawa. Inda na maƙale shi ne point d'information: ana cikin jawabi sai wani daga ɗaya ɓangaren ya miƙe ya nemi a ba shi daƙiƙa 15 ya jefa tambaya ko gyara. Mai jawabi yana da ikon karɓa, yana da ikon ƙi. Ba a yin sa a minti na farko da na ƙarshe, ba a yin sa a jawabin rufewa. Me za mu kira shi?

Wani ɗalibi, Jami'ar Marwa:
Malam, mu dai katsalandan muke cewa. Ko tsoma baki.

Malamin lise, Garwa:
Ɗana, katsalandan na fara gwadawa, kuma na ga abin da ya haifar. Mako biyu babu yarinya ko ɗaya da ta miƙe. Da na tambayi dalili, ɗaya ta ce, "Malam, a gida an hana mu katsalandan." Gaskiyarta. Kalmar tana ɗauke da zargi, tana nufin ka shiga abin da ba a gayyace ka ba, alhali wannan haƙƙi ne da doka ta ba ka, har alƙalai suna rage maki ga wanda ya zauna shiru bai nema ba. Tsoma baki ma ƙanwarta ce.

Wata malama, Njamena:
Yaya, a nan Chadi masu muhawara da Larabci mudakhala suke cewa. Hausa ta ari muhawara da hujja da maudu'i daga Larabci, me zai hana ta ƙara wannan?

Malamin lise, Garwa:
Malama, ba na ƙin aro. Amma waɗancan sun zauna a bakin mutane tun kaka da kakanni. Mudakhala sai na fassara wa yaro ita kamar yadda zan fassara masa ta Faransancin, ke nan ban rage komai ba.

Wani dattijo, Ngaundare:
Malam, kuna neman abin da yake cikin aljihunku. A zauren sarki ko wajen rabon gado, idan mutum yana magana kana so ka sa taka, me kake cewa? "Ban tari numfashinka ba." Ko ka ce, "Ba katse maka hanzari na yi ba." Shi kuma ya ce "Bismilla," ko ya ce "Bari in kai aya." Ba wanda ya ji haushi. Ga neman izini, ga damar ƙi, duk Bahaushe ya riga ya tanada.

Malamin lise, Garwa:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi wannan ita ce. Abin da ya fi burge ni, maganar da kanta tana koya wa yaro yadda zai yi abin. Mai cewa "ban tari numfashinka ba" ba zai yi ta da tsawa ba, ba zai nuna mutum da yatsa ba, kuma ya san numfashi kawai aka ba shi, ba fili ba, don haka ba zai zarce daƙiƙa 15 ba. A wannan tsarin maki 40 cikin 100 na salon gabatarwa ne, 40 na ƙunshiyar hujja, 20 na dabara. Yaranmu a salo suke zubar da maki, don an tarbiyyantar da su kan sunkuyar da kai gaban manya, sai su tsaya gaban alƙalai suna magana da ƙasa. Ba na son in cire musu kunyar nan, ina son in ba su kalmar da za su ɗaga kai da ita ba tare da sun ji sun yi rashin ladabi ba.

Saura mu zaɓi ɗaya a matsayin suna.

Ɗalibin Marwa:
Tarin numfashi, Malam?

Malamar Njamena:
A'a ƙanena, wannan sai a ɗauka ciwon ƙirji ne. Tarar numfashi ya fi daidai a nahawu, amma a rubuce za a karanta shi kamar tarar da ake ci a kotu. Katse hanzari ba shi da wannan matsalar, kuma yana ƙirguwa: "Ta karɓi katse hanzari biyu, ta ƙi uku." Na janye mudakhala.

Dattijon Ngaundare:
'Yata ta yi daidai. Amma kada ku yar da ɗayar. Suna daban, abin da ake furtawa daban.

Malamin lise, Garwa:
To mun tsaya a nan. Sunan abin katse hanzari. Mai nema zai miƙe ya ce "Ban tari numfashinka ba," ko "numfashinki." Mai jawabi ya ce "Bismilla" in ya karɓa, "Na gode, ba yanzu ba" in ya ƙi. Na cire "bari in kai aya" daga bakin mai ƙi, don alkawari ce, in bai dawo ya ba da dama ba alƙalai za su riƙe shi da ita. Minti na farko da na ƙarshe kuma mu ce musu mintin kariya. Zan ci gaba da gaya musu su karɓi ɗaya ko biyu a jawabi, kuma kada su karɓa a tsakiyar hujja, sai sun dire ta.

Laraba zan gwada da 'yan matan nan da suka ƙi miƙewa. Baba, jawabin rufewa na minti 4 har yanzu ba shi da sunan da ya kwanta mini. Na so in ce naɗe tabarma, sai yaran suka tuna mini da tabarmar kunya. In akwai wata a aljihun, a taimaka.