Taƙaitawa: dogon numfashi, jijiyar bagus da tazarar bugun zuciya

Mutane sun tattauna yadda dogon numfashi da jijiyar bagus ke shafar bugun zuciya. Zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda lafiyayyar zuciya ba ta bugawa kamar agogo. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana ɗan canzawa, kuma yawan canjin galibi alamar lafiya ce. Jijiyar bagus, ta 10 cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ita ce birkin zuciya, tana kuma da hannu a wannan canjin.

2. In ka ja numfashi bugun ya ɗan yi sauri, in ka fesar ya lafa. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka fesar a hankali, za ka ji. Shi ya sa akasari suka ce numfashi 6 a minti, ta ciki ba ƙirji ba. Nan canjin ya fi fitowa fili. Wanda jiri ya kama, ya rage zurfin numfashin.

3. An rabu kan na'urar da ake maƙalawa a kunne don motsa jijiyar bagus. Wasu sun ce ta yi musu aiki, wasu sun ce binciken bai tsaya wuri ɗaya ba. Ni dai ina tare da na biyun. Wadda ake dasawa da tiyata daban ce, Amurka ta amince da ita don farfaɗiya tun 1997.

4. Ruwan sanyi a fuska yana rage bugu, amma mai ciwon zuciya ya fara tambayar likita. Murza jijiyar jini ta wuya kuwa, kowa ya ce kul.

5. Auna canjin tazarar bugun da safe, ka kwatanta da naka na jiya. Shekaru da rashin barci suna rage shi.