Neman kalmar Hausa: dalilin da ya sa na tsaya a kan "abokin fama"

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshe. Makon jiya na kawo muku wata kalma da ta tsaya mini a wuya, bayan wasu tsofaffin sojoji a nan Zuru sun roƙe ni in mayar musu da wata 'yar takarda zuwa Hausa, wato abin da Turawa ke kira peer counselor. Na karanta duk amsoshin da kuka bayar, na kwana ina juya su, yau kuma ina so in faɗi inda na tsaya da dalilina, domin masu takardar sun fara tambaya.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san kamanninsa. Mutumin da ake nufi tsohon soja ne wanda shi kansa ya sha wuyar firgicin da yaƙi ke bari a zuciya, ko kuwa ya faɗa shaye-shaye Allah ya fid da shi, sannan aka ba shi horo domin ya zauna da wani sojan da ke cikin irin wannan hali, ya saurare shi, ya raka shi asibiti, ya riƙa leƙa shi. Tushen abin yana komawa ga 1935 a garin Akron na Amurka, inda wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa mai son barin giya ya fi jin maganar wanda ya taɓa zama mashayi, har ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta mashaya masu taimakon juna su bar giya, ta tsiro daga nan. A 1970 sojojin da suka dawo daga Biyetnam suka fara taruwa a birnin New York suna faɗa wa juna abin da suka kasa faɗa a gida. A 1979 majalisar dokokin ƙasar ta amince da buɗe musu cibiyoyi a cikin gari, nesa da harabar asibiti, kuma da yawa daga ma'aikatan cibiyoyin 'yan mazan jiya ne. A 2012 Shugaba Obama ya ba da umarnin a ɗauki irin waɗannan mutane 800 aiki a ma'aikatar tsofaffin sojoji. Ke nan abin da muke nema wa suna aiki ne sananne mai horo da ƙa'ida.

Wani malami daga Gusau ya kawo "shawarar tsara", mutane da dama kuma suka goya masa baya. Ta fuskar ƙamus malam yana da gaskiya, amma a bakin Bahaushe tsara magana ce ta shekaru, haka ma sa'a. A ƙasar Zuru, inda da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da gidan soja ba, akwai dattawan da suka yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, akwai waɗanda suka tafi Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, daga 1990, akwai kuma samarin da suka dawo daga Sambisa ko dazuzzukan Zamfara. Dattijo mai shekara 75 zai iya zama da yaro mai 30 su fahimci juna tun kafin a buɗe baki, alhali ba wanda zai ce tsarar juna ne. "Takwara" kuma ta riga ta zama kalmar jarida, ta shugaban ƙasa da takwaransa, tana ɗauke da muƙami, shi kuwa muƙami a bakin ƙofa ake ajiye shi a wannan zama, don saje yana iya zama shi ne mai riƙe hannun kyaftin.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Argungu ta ce a kira shi "mai nasiha". Ina girmama wannan kalma, sai dai nasiha daga sama take gangarowa, daga malami zuwa almajiri, daga uba zuwa ɗa. Mutumin da ƙwaya ta kama ya riga ya ƙoshi da nasiha. Liman ya yi masa, fasto ya yi wa maƙwabcinsa, mata da 'yan uwa sun yi har sun gaji. "Mai ba da shawara" tana kai hankali ofishin gwamna. "Abokin shawara" ita ce ta fi matsowa kusa, amma kowane amini abokin shawara ne, ko da bai taɓa jin ƙarar harsashi ba, kuma sharaɗin da ya raba wannan aiki da sauran shi ne mai yin sa ya bi hanyar da ƙafarsa.

Abin da ya warware mini matsalar a gidanmu na gan shi. Kawuna ya dawo daga Laberiya ina yaro. A majalisa ba ya zama sai ya jingina bayansa da bango yana fuskantar hanya, kuma in salansar babur ta yi ƙara sai ka ga kofin shayi na rawa a hannunsa. Barci ya ƙaurace masa, ya koma neman sa a gidan burkutu, daga baya ya haɗa da ƙwaya. An yi faɗa, an yi rarrashi, an yi rubutu da turare. Sai wani tsohon samanja da ke gadi a kasuwa, wanda shi ma ya taɓa nutsewa a cikin kwalba, ya fara zuwa da la'asar a kan kekensa. Yakan jingine keken a gindin dalbejiya, su shimfiɗa tabarma, sau da yawa su yi sa'a guda ba wanda ya ce uffan. Wata rana ina kawo musu ruwa na ji yana cewa, "Kofur, ni ma shekara biyu na yi ba na kashe fitila." Kawu ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan gwiwarsa, ban taɓa ganin haka gare shi ba. Samanjan ne ya shiga mota da shi zuwa ganin likita, shi ne kuma yake ƙirga masa kwanakin da ya yi bai sha ba, ranar da ya koma ya sha kuwa bai yi masa gori ba, washegari ya dawo da kekensa kamar kullum.

Da na tambayi kaina me Hausa za ta kira wannan samanja, sai bakina ya ce abokin fama. Kalmar fama tana da fuska biyu, kuma duka biyun muna bukatarsu. Filin fama shi ne fagen yaƙi, mazajen fama su ne waɗanda suka tsaya a cikinsa. A ɗaya gefen kuma muna cewa wane yana fama da rashin barci, yana fama da shaye-shaye, yana fama da zuciyarsa. Abokin fama ke nan shi ne wanda kuka yi tarayya a faman farko, yake kuma tsaye tare da kai a na biyu. Kalmar ba ta ambaci hauka ko taɓin hankali ba, wannan kuwa babban abu ne, domin tsoron a ce ya zare shi ke hana soja zuwa neman magani. Tana kuma juyuwa ba tare da wahala ba: mace abokiyar fama, jam'i abokan fama, taron mako zaman abokan fama, tsarin gaba ɗaya shirin abokan fama.

Akwai ƙorafi biyu da aka yi mini, ban kuma raina ko ɗaya ba. Na farko, wani ya tuna mana cewa fama tana nufin taɓa ciwon da ya fara warkewa, kamar a ce ya fama mini gyambo. A baki karin sautin kalmomin biyu ya bambanta, a rubuce kuma "abokin" da ke gabanta yana raba gardama. Duk da haka na ji daɗin wannan tuni, domin wanda bai samu horo ba yana iya tono wa ɗan'uwansa abin da ba zai iya rufewa ba, ya fama nasa ciwon a garin haka. Na biyu, an ce kalmar ba ta nuna cewa mutumin ya koyi aikin ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa a takardar hukuma nake ganin a rubuta "horarren abokin fama". Horon nan shi ke koya masa riƙe sirri, da kuma sanin iyakarsa: ba ya rubuta magani, ba ya ce wa wanda ya daɗe yana shan giya ya yanke rana ɗaya, tunda hakan kan jawo farfaɗiya har ya kai ga rasa rai, kuma in ya ji ɗan'uwansa yana maganar kashe kansa ba zai yi shiru ba, sai ya kai shi ga likita, ko da zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ne.

Ina ganin kalmar za ta yi aiki fiye da bariki. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da ƙwayoyi, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, tiramol kuwa ba sai an yi wa mutanen Kebbi da Zamfara bayaninsa ba. 'Yan sa-kai da askarawan da ke kwana a daji suna ganin abin da soja ke gani, ba su da fansho ballantana likita, kuma sunan nan zai zauna musu daram.

Jiya da yamma na karanta wa Kawu jimlar farko ta takardar: "Idan barci ya gagare ka, ko sha ya fi ƙarfinka, akwai abokin fama da zai zauna da kai." Ban yi masa bayanin komai ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, ai Samanja kake nufi, Allah ya jiƙansa." Da wannan jimla zan miƙa musu takardar ranar Litinin, sai dai ina roƙon 'yan uwa na Gusau, Ƙaura Namoda da Yawuri su gwada kalmar a kunnen dattawansu kafin nan, su faɗa mini ko tana da wata ma'ana a wajensu da za ta sa a gyara.