Ina son cikin bonet ɗin Corollata ya yi fes, amma a ina zan tsaya?

Na_Hotoro

Assalamu alaikum. Masu sanin mota, shawara nake nema.

Ina da Corolla 2006, 'yar Amurka, mai inji 1ZZ. Inji lafiya ƙalau, ba ta shan baƙin mai, ba ta ɗaukar zafi. Abin da ke ɓata min rai shi ne cikin bonet. Duk wanda ya riƙe motar kafin ni ya bar sawunsa a ciki. A kan batir kaɗai akwai wayoyi huɗu da aka murɗe aka cusa ƙarƙashin noti ɗaya: ta hon ɗin iska, ta alam ɗin da ya daɗe da mutuwa, ta fitilun ƙasa, sai wata ja da ta nutse bayan inji. Salatif ɗin da aka naɗe su da shi ya narke ya koma danƙo, ƙura ta manne masa. Shi kansa batirin da tsohon tub ɗin babur aka ɗaure shi. Murfin akwatin fiyus ya tsage.

Ina ganin bidiyon motocin Japan da Amurka waɗanda in aka ɗaga bonet ba a ganin waya ko ɗaya, sai inji zaune shi kaɗai a tsakiya. Sun mayar da batir but, sun bi da wayoyi ta cikin modigad, sun toshe ramuka sun yi fenti. Irin wannan nake sha'awa. To, zan iya mayar da batir baya? Akwai rewayan da zai ɓoye min wayoyin ba tare da ya jawo min masifa ba? Kuma ina tunanin cire babban akwatin iskar nan in sa ƙaramar filta mai kan mazurari, don shi ya fi cin wuri. Motar ita nake hawa kullum, da ita nake kai yara makaranta, wani lokaci in je Zariya.

Baba_Rewaya

Wa alaikumus salam. Ɗana, jimlarka ta ƙarshe ita ce amsar tambayarka. Motocin bidiyon nan na baje koli ne, da yawansu an cire musu esi da wasu kayan da kai ba za ka iya rayuwa babu su a watan Afrilu a Kano ba.

Ka raba wayoyin motarka gida biyu. Akwai na kamfani, akwai na 'yan bayan fage. Na kamfani ba su ne ke ɓata maka kallo ba. Toyota ta haɗa su cikin baƙin tiyo mai gaɓa-gaɓa, ta kafe su da kilif a inda ba sa gogar ƙarfe kuma ba sa kusa da zafi. Kada ka bari kowa ya sa musu almakashi. Dalili kuwa, in za a bi da su ta modigad dole a ƙara musu tsawo, kuma wasu daga ciki, kamar wayar sensar kiransha mai lura da juyin inji da ta sensar da ke jin ƙwanƙwasar inji, suna da wata rigar ƙarfe a ciki da ke kare su daga hayaniyar wutar kwayil da altaneta. Yaro ya yanke ya jona da wayar fanka, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Sai damina ta zo ta fara shaƙewa, fitilar cek injin tana kamawa tana ɗaukewa, kuma wayar da ke da laifi tana can ƙarƙashin modigad inda sai an kwance taya da roba kafin a gan ta. Irin wannan aikin ya sha zuwa hannuna, kuma kuɗin neman laifin ya fi kuɗin ɓoyewar.

Wani abu game da injinka: a 1ZZ manifol ɗin iska na gaba, na salansa yana baya wajen bangon da ya raba inji da cikin mota. Wato daidai inda ido ba ya gani, inda mutum zai so ya tura wayoyi, nan ne wuri mafi zafi. Jar wayar da ka ce ta nutse baya ita za a fara bi. In ba ta da fiyus kusa da batir, ranar da robarta ta narke ta taɓa bodi, wuta ce.

Abin da zan yi in motar ta zo wajena: a kwance kan negatif, a bi wayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Alam ɗin da ya mutu a fitar da shi gaba ɗaya, a duba ko an yanke wayar kiksitata, wato abin da ke murɗa inji ya tashi, an ratsa ta cikinsa, don haka ake yawan yi, a mayar da ita a liƙe da dalma. Waɗanda kake amfani da su, hon da fitilu, a saya musu ƙaramin akwatin fiyus mai gida huɗu ko shida a kafe shi gefen na kamfani. Waya ɗaya mai kauri ta fito daga batir ta shiga akwatin, kowa ya ɗauki wuta daga nan ta fiyus da rilensa. Kan batir ya koma da abu ɗaya tak da aka ƙara. A kware tsohon salatif, a naɗe da irin na yadi mai jure zafi, a sa sabon tiyo baƙi. Maɗaurin batir na asali da murfin akwatin fiyus, je ka Ƙofar Ruwa wajen masu kayan Kwatano, Corolla irin taka ta cika gari ba za ka rasa ba. Ka haɗa da murfin roba na saman inji in naka babu. Wannan kaɗai in aka yi, ba za ka gane motarka ba.

Civic_Kawo

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka tsorata shi da yawa. Ni na ɓoye wayoyin tsohuwar Civic ɗina a nan Kaduna kuma ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Sai dai ban yanke na jikin motar ba. Na sayi wani cikakken haɗin wayoyi a kasuwar Panteka, aka shimfiɗa shi a tebur aka yi aikin a kansa a natse, na asali yana ajiye a gida ko da wani abu zai faru. Kuma wayoyin fitilu, hon da na fanka kawai muka bi da su ta modigad, duk inda suka ratsa ƙarfe aka sa musu zoben roba. Na inji ba mu taɓa ba. Don haka ana iya yin rabi.

Maganar batir, yayana Na_Hotoro, a nan ina bayan Baba duk da bai taɓo ta ba. Kiksitata na jan wuta fiye da amfiya 100 in za ta murɗa inji, ga tazarar kusan mita biyar daga but zuwa gaba. Kana buƙatar kebul na tagulla zalla mai kauri sosai, kuma yawancin wanda masu haɗa sifika ke sayarwa alminiyam ne aka shafa masa tagulla a sama. Kankare bakinsa da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye musu. Dole a sa babban fiyus dab da batirin, dole a kafe shi da ƙarfe ba da igiya ba. Sannan batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin in yana caji. BMW da ke zuwa da batir a but tun daga kamfani suna da ɗan siririn tiyo da ke fitar da iskar waje. Kai kuma but ɗinka buhun shinkafa da jakunkunan yara ke shiga. Bar shi inda yake, ka saya masa jar hular roba ta kan fozitif, ka wanke farin gishirin da ke kansa.

Filta mai mazurari kuma, ƙarar inji kawai za ka samu. Akwatin kamfani daga gaba yake shaƙo iska mai ɗan sanyi, ita kuwa a buɗe take tana zuƙar zafin inji. In irin mai ɗauke da mai ce, man yana bin iska ya shafe sensar da ke auna iskar, wadda ke nan dab da bakin akwatin, mota ta fara rawa a tsaye. Balle hunturu ya shigo da ƙurarsa.

Ummu_Walid

Ni ba makanikiya ba ce, amma Corolla nake ja kuma na ga abin da wurin wankin mota ya yi wa tawa. Yaron ya saita injin feshi kai tsaye kan inji, ruwa ya sauka ramukan filogi ta gefen kwayil, na baro wurin mota na tsalle kamar doki. Sai da aka ciro kwayil huɗun aka busar. Yanzu a gida nake sa a yi: inji ya huce, a rufe altaneta da akwatin fiyus da leda, ruwan sabulu a roba, tsohon buroshin haƙori da tsumma. Kuma Malam, kada ka yarda a shafa maka gas ko man ƙyallin taya a kan tiyo don ya yi baƙi. Kwana biyu zai yi yana sheƙi, daga nan ƙura ta kwanta a kai, gas ɗin kuma yana kumbura roba.

Na_Hotoro

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, wannan man ƙyallin har na saya, zai koma kan taya. Batir da akwatin iska na bar su. Amma har yanzu raina na kan shawarar Civic_Kawo ta bi da wayoyin fitila ta modigad, zan gani bayan an gama sharar farko.

Baba, na leƙa da tocila ɗazu. Jar wayar ba cikin mota ta shiga ba, ta zagayo ne ta dawo gaba wajen lagireto, ta shiga soket ɗin fanka. Kuma gaskiya da na murɗa makulli fanka ke kamawa, ko da sanyin asuba. Ina kuma son a ɗan fesa baƙin fenti a gefe-gefen da ya kwaile.

Baba_Rewaya

To ka ga an yi mata dairek ke nan, wato an haɗa fanka da wuta kai tsaye, kuma inda aka yi wa fanka dairek da wuya ka tarar da tamostat a ciki, abin nan da ke tsare ruwan lagireto har inji ya yi zafi. Shi ya sa kake cewa ba ta ɗaukar zafi: ba ta ma kai zafin da aka yi ta dominsa ba. Tamostat ɗin 1ZZ a digiri 82 yake fara buɗewa. In babu shi, birenbos, wato kwamfutar motar, yana ganin inji da sanyi sai ya riƙa ƙara mata fetur, fanka kuma tana ta juyi ba hutu har ta ƙone. Kada ka fizge wayar kawai ka hau titin Zariya. A fara gano dalilin da ya sa aka yi dairek ɗin, rile ne ya mutu, fiyus ne, ko sensar zafi. A gyara, a sa tamostat na asali, a zuba jan ruwan lagireto maimakon ruwan famfo, a bar ta a tsaye a ga fanka ta kama da kanta ta tsaya da kanta. Sannan a cire jar wayar.

Fenti kuwa, a kwance wayoyin negatif da ke ɗaure jikin bodi, a manna salatif a mazauninsu don su dawo kan ƙarfe tsirara. Lambar inji da lambar shasi da takardun da kamfani ya manna a rufe su kada fenti ya taɓa, don ranar da kwastam ko mai saye zai ɗaga bonet su zai nema. Ka ɗauki hoton ko'ina da wayarka kafin a kwance noti ɗaya, kuma ka zauna a wurin har a gama.