Yaya haske ke ninke fallen roba ba tare da an taɓa shi ba?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na ga bidiyon wani siririn fallen roba mai baƙaƙen layuka da aka ajiye a ƙarƙashin fitila, cikin daƙiƙu kaɗan sai ya tashi da kansa ya zama ɗan akwati. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda hasken ya sauka a kan fallen gaba ɗaya, me ya sa kan layukan kaɗai ya lanƙwashe? Kuma shin ninkin yana ƙara masa ƙarfi?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Robar folistirin ce da aka ja ta tana da zafi a masana'anta, aka bar ta ta huce a miƙe, saboda haka da zarar zafinta ya kai wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, sai ta yi laushi ta tsuke ta koma yadda take tun asali. Baƙar tawada tana shanye hasken infirared, wato hasken fitilar da ido ba ya iya gani, ta mai da shi zafi, alhali inda babu tawada yawancin hasken ratsawa yake yi ya wuce. Da yake saman layin ya fi ƙasansa zafi, shi ke fara tsukewa, sai ya jawo gefunan biyu su ɗago ta ɓangaren da tawadar take. Michael Dickey da Jan Genzer na Jami'ar Jihar North Carolina a Amurka sun nuna hakan a 2011, kuma da firinta irin ta ofis suka buga layukan. Idan layin ya fi faɗi, ninkin ma yakan fi zurfi.

Injiniya:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Game da ƙarfi kuwa, siffa ce ke aiki fiye da sinadarin robar. Ɗan'uwa, ka ɗora fallen takarda tsakanin littattafai biyu, za ka ga ya lotsa. Ka ninke shi hawa da sauka, sai ya ɗauki biro. Ban da haka, wurin da ya tsuke yana ƙara kauri, kuma idan kaurin falle ya ninka sau biyu, taurinsa wajen lanƙwasawa yana ninka sau takwas.

Malamin Kimiyya:
Haka ne, Injiniya. Sai dai ninkin ba ya warwarewa, kuma idan fitilar ta daɗe a kunne zafi yakan bazu, fallen duka ya motse ya lalace. A 2017 masu binciken sun yi amfani da tawada kala-kala: ruwan ɗorawa tana shan shuɗin haske amma ba ta shan ja, don haka ta hanyar sauya launin fitila ake zaɓar layin da zai fara ninkewa.