Jinin Almasihu ya rufe zunubin ganganci kuwa?

Mai bishara, Agege: Salama gare ku. Zan faɗa ba ƙumbiya-ƙumbiya: tabbacin ceton nan da muke koya wa 'yan ajin baftisma ya wuce gona da iri. Ku buɗe Firistoci 4. Hadayar zunubi ta wanda ya yi kuskure ce, ba da saninsa ba. Littafin Ƙidaya 15:30-31 ya ce wanda ya yi da gangan za a raba shi da jama'a, ba a ambaci rago ko akuya ba. Ibraniyawa 10:26 ta ƙara da cewa in muka ci gaba da zunubi da gangan bayan mun san gaskiya, babu sauran hadaya. To wa ke cikinmu da bai taɓa saɓo yana sane ba? Babu mai cewa ya tsira sai ranar da aka rufe masa ido.

Dattijo, Idi-Araba: Ɗana, ka tsaya a Firistoci sura 4, ka ƙarasa zuwa sura 16. Ranar Kafara sau ɗaya ce a shekara, ran 10 ga wata na bakwai. Haruna zai yi wanka, ya tuɓe kayan ado na firist, ya sa farar lilin. Sai ya yanka bijimi domin zunubin kansa da na gidansa tukuna. Ya ɗebi garwashi daga bagade, da turare cike da tafin hannu biyu, ya shiga bayan labule, hayaƙi ya rufe murfin akwatin alkawari don kada ya mutu. Ya yayyafa jinin da yatsa a kan murfin, sannan sau bakwai a gabansa. Bunsuru biyu ne na jama'a, kuri'a ke raba su. Ɗaya a yanka, a shiga da jininsa kamar na bijimin. Ɗayan a bar shi da rai. Aya ta 21 ita ce amsarka: Haruna zai ɗora hannu biyu a kan bunsurun, ya furta abu uku, mugunta, tawaye, da zunubai. Kalmar tsakiya a Ibrananci "pesha" ce, wadda ake faɗa idan talakawa suka yi wa sarki bore. An taɓa yin bore bisa kuskure?

Mai bishara, Agege: Baba, na ji. Amma Ƙidaya 15 fa? Ba za mu share ta ba.

Mama Zumunta, Mile 12: Ba wanda ya ce a share, Malam. Ka duba Firistoci 6:1-7, wannan ta mu 'yan kasuwa ce. Mutum aka ba shi ajiya ya musa, ko ya tsinci abu ya yi ƙarya, ko ya ƙwace, har ya rantse a kan ƙarya. Duk da ido buɗe ake yin su. Kuma an ba shi hanya: ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo rago marar lahani. A ce dillali ya danne wa mai tumatir naira 50,000 na kwanduna. Naira 60,000 zai kai masa, kuma a ranar da zai miƙa hadayar. Rago ba ya maye gurbin kuɗin mutane. Inda muke ɓata abin yau, mutum ya fito gaba ya yi kuka ranar Lahadi, Litinin kuɗin na nan a aljihunsa. Matiyu 5:23-24 ma haka ta jera su: ka bar baikonka gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna.

Ɗalibin tauhidi, Obalende: Mama ta taɓo inda gizo ke saƙa. Bambancin ba tsakanin "na sani" da "ban sani ba" kaɗai yake ba. Ƙidaya 15:30 a asali cewa ta yi "da ɗagaggen hannu", kuma aya ta 31 ta fassara shi: mutumin ya raina maganar Ubangiji. Wannan ba ya zuwa neman hadaya ma. Dawuda ya shirya kisan Uriya da wasiƙa, babu kuskure a ciki, Shari'a kuma ba ta tanadi hadaya ga kisan kai da zina ba. Shi ya sa a Zabura 51:16-17 bai kawo dabba ba, karyayyar zuciya ya kawo. A 2 Sama'ila 12:13 Natan ya ce an kawar da zunubinsa, amma takobi bai bar gidansa ba. Ibraniyawa 10:26 kuwa, fi'ilin a Helenanci na abin da ake ta yi ne, ba faɗuwa ɗaya ba, kuma aya ta 29 ta bayyana mutumin: ya tattake Ɗan Allah, ya mai da jinin alkawari abin banza. Wanda ya ƙi hadaya ɗaya tilo, ina zai sami ta biyu? Ma'anar ke nan.

Baba Katikis, Mushin: 'Ya'yana, a kan jinin ba mu da gardama: babu zunubin da ya fi ƙarfinsa. Amma wadatar hadaya daban, sanin matsayinka daban. Majalisar Trent ta ikilisiyar Katolika a 1547 ta ce ba wanda zai sani, da tabbacin bangaskiya wanda ba ya kuskure, cewa ya sami alherin Allah. Ba shakkar Allah ake yi ba, shakkar kai ce. A koyarwarmu ta Katolika zunubi mai kisa sharaɗi uku gare shi: abin ya zama babba, mutum ya san haka sarai, ya kuma yarda da gangan. In ukun sun haɗu, alheri ya yanke, sai an koma ta nadama, furtawa gaban Fada, da cika aikin tuba. Bulus da kansa ya ce mai zaton yana tsaye ya kula kada ya faɗi, 1 Korantiyawa 10:12.

Dattijo, Idi-Araba: Baba Katikis, da girmamawa, to me za mu yi da 1 Yahaya 5:13? An rubuta don masu ba da gaskiya su sani suna da rai madawwami. Su sani, ba su yi fata ba. Ku lura da wani ƙaramin abu: a cikin kayan alfarwa akwai tebur, fitila, bagade, daro, amma babu kujerar firist. Ibraniyawa 10:11-12 ta ce kowane firist a tsaye yake kullum yana maimaita hadayu, shi kuwa Almasihu ya miƙa guda ɗaya ya zauna. Ma'aikaci ba ya zama sai aiki ya ƙare. In tabbacina ya rataya ga yadda na wayi gari, yau akwai gobe babu, kamar wutar lantarkin Legas.

Fasto, Alaba Rago: Kada mu yi kamar Furotesta bakinsu ɗaya. Mabiyan Arminiyus, malamin tauhidi na Holland, sun gabatar da ƙorafinsu a kan koyarwar zaɓaɓɓu a 1610, taron ikilisiyoyi na garin Dort na 1618 zuwa 1619 ya amsa cewa zaɓaɓɓu za su jure har ƙarshe. John Wesley daga baya ya koyar da cewa mutum na iya samun tabbaci yau ta shaidar Ruhu, Romawa 8:16, amma yana iya faɗuwa gobe. Ko Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646, wadda ke ɓangaren Dort, ta yarda cewa mai bi na gaske na iya daɗewa bai sami tabbaci ba, kuma tabbacin na iya girgiza. Matsala biyu ke fitowa a ikilisiya. In aka koyar da Yahaya 10:28 kaɗai, cewa ba mai ƙwace tumaki daga hannunsa, sai ka ga mutum ya mai da alheri lasisi, ya manta aya ta 27 ta ce tumakin suna jin murya suna bi. In aka koyar da gargaɗi kaɗai, sai mutum ɗaya ya fito karɓar Yesu a kowane taron farkawa, wani har ya nemi a sake masa baftisma.

Mai bishara, Agege: Na janye rabin maganata. Ganganci na da gafara, Firistoci 6 da 16 sun ɗaure ni. Amma Ibraniyawa 6:4-6 na nan: an haskaka su, sun ɗanɗani baiwar sama, sun yi tarayya da Ruhu Mai Tsarki, suka faɗi. Kada a ce mini ba masu bi ba ne tun farko.

Ɗalibin tauhidi, Obalende: Masu bin Dort Ibraniyawa 6:9 suke nunawa, inda marubucin ya ce yana da tabbacin abubuwa mafi kyau game da masu karatunsa, da 1 Yahaya 2:19, sun fita don ba namu ba ne.

Baba Katikis, Mushin: Ɗanɗana ce kalmar, ɗana, kuma ita aka yi amfani da ita a Ibraniyawa 2:9 cewa Yesu ya ɗanɗani mutuwa. Lasa ya yi ko kuwa ya mutu?

Mama Zumunta, Mile 12: Ku malamai ku ƙarasa wannan. Ni tambayata ga Fasto: wanda aka danne wa kuɗin ya bar Legas ya koma Arewa, ba a san inda yake ba, ko ya rasu. Wa za a kai wa naira 60,000 ɗin?

Fasto, Alaba Rago: Ƙidaya 5:8, Mama. A nemi danginsa na kusa tukuna. In babu, sai a kai wa Ubangiji ta hannun firist, tare da ragon.