Kunne ya hana ni nutso, ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a. Daga Katsina nake, iyakar sanina da babban ruwa dam ɗin Jibiya ne. Hutun bara muka je Masar da iyali, yara suka matsa sai mun gwada nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya. Babbansu, ɗan shekara 12, ya sauka lafiya lau. Ni kuwa ko mita 3 ban kai ba kunnen hagu ya ɗau zafi kamar ana soka tsinke. Mai koyarwa ya ce in toshe hanci in hura a hankali. Na hura, na haɗiyi yawu, na motsa muƙamuƙi. Na dama ya buɗe, na hagu ya ƙi. Ƙarshenta a kwalekwale na wuni ina gadin takalma.

Mai koyarwar ya ce a zurfin mita 10 matsin da ke danne kunne ya ninka na saman ruwa, kada in tilasta. To ni duk hunturu ba na rabuwa da mura, ko ita ce sila? Likitan kunne zan fara gani, ko akwai atisayen da ake yi a gida? Disamba za mu koma, yaran har sun fara tsokanata.