Neman kalma: audiobook da mai karanta shi, me za mu kira su?

Mai Sitidiyo:
Assalamu alaikum. Jama'a, kalmomi biyu muke nema. Ta farko audiobook, wato littafin da aka karanta aka naɗa. Ta biyu narrator, wanda ya karanta shi. A YouTube da WhatsApp ana ta cewa "odiyon nobel", alhali ba kowane littafi ne nobel ba, akwai na tarihi da na fiƙihu. Ga shawara uku: littafi mai magana, littafin murya, littafin sauraro.

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam. "Littafi mai magana" yana da asali, haka Turawa suka fara kiransa lokacin da aka soma naɗa wa makafi littattafai a faifan garmaho, a Amurka a 1934, a Ingila a 1935. Sai dai a kunnen Bahaushe ya fi kama da sunan abin wasan yara. Ni "littafin sauraro" na zaɓa, domin ya bi ƙirar ruwan sha da ɗakin kwana: abu, sai amfaninsa.

Alaramma:
Na yarda da Malama. Ta biyun kuwa muna da makamancinta a gida. A tafsirin azumi akwai mai jan baki, shi ke karanta aya malam ya fassara. Gwanintarsa ita ce sanin inda zai tsaya da inda zai ɗauko, don waƙafi a wurin da bai dace ba yana juya ma'ana. Me zai hana mu ce "mai jan littafi"?

Malamar Hausa:
Allah gafarta Malam, a baki ta yi daɗi, a rubuce ne matsalar. Wanda ya ga "jan littafi" zai ɗauka littafi ne mai jan bango. "Makaranci" ma tana da nata cikas, jam'inta "makaranta" ne, rubutu ɗaya da wurin koyon karatu.

Wannan ruɗanin kuma shi ne ainihin aikin mutumin da muke nema wa suna. Bokonmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsayin wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutu ɗaya. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Wadda ta fi kayar da mutane ita ce "ya tafi": ka ja wasalin "ya", labari ne, mutum ya riga ya tafi, ka gajarta ka sauke murya, umarni ne. Ga kuma littattafan intanet da ake bugawa a waya ba ƙugiya, ƙasa ta koma kasa, ɗa ya koma da. Mai karatu da ido zai koma baya ya gyara da kansa. Mai sauraro yana tuƙi ko yana girki, abin da aka zuba masa a kunne shi ne littafin. Saboda haka sunan ya kamata ya nuna aiki ake yi, ba bin layi kawai ba.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Malama ta taɓo inda yake. Kalmar tana bakin 'yan sitidiyo tuntuni: ɗora murya. Mawaƙi yana ɗora murya a kan kiɗa, masu fassara fim suna ɗora murya a kan hoto. Mu ce "mai ɗora murya", jam'i "masu ɗora murya", aikin kuma "ɗora wa littafi murya".

Kuma wanda zai amsa sunan nan sai ya karance littafin tas kafin ya kusanci makirfo. Ya sa alama a kan kalmomi masu fuska biyu. Ya jera sunayen mutanen labarin, ya naɗi ɗan guntun muryar kowannensu ya ajiye, don kada kishiyar da ta yi magana da kaushi a babi na 2 ta dawo da sanyin murya a babi na 20. Namiji kada ya maƙale murya wai yana kwaikwayon mace, mai sauraro zai daina bin labari ya koma jin kwaikwayo. Rage nauyi da sauya sauri sun isa. In marubuci ya sa Basakkwace ya ce "yat tahi", a bar masa abinsa, kada a mayar da shi Kananci.

Mai Sitidiyo:
Bari in ƙara na wajen naɗa, don gwani ma ɗaki yana iya kayar da shi. Tsakanin baki da makirfo a bar kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, a sa raga a tsakani, a ɗan karkata baki gefe, saboda iskar b da f tana dukan makirfo, ƙ da ts kuma suna fita da ƙas. A kashe fanka, a nisanci janareta. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana amsa kuwwa, labule mai kauri da katifa a jingine suna shanye ta. ACX, shafin da ake shigar da littattafai Audible, kasuwar littattafan sauraro ta intanet, suna neman matsakaicin ƙarfin sauti tsakanin -23 da -18 dB, ƙololuwa kada ta haura -3, ƙugin ɗaki kuma ƙasa da -60. A lissafinsu kalmomin Turanci kusan 9,300 ne ke cika awa guda, kuma awa guda da aka gama tana cin aikin kusan awa 6. In murya ta fara dushewa a tashi, domin babin da aka fara da safe aka ƙarasa da gajiyar dare, kunne yana jin ɗinkin.

Alaramma:
Na janye tawa, "mai ɗora murya" ta fi. To wanda kwamfuta ta karanta fa?

Malamar Hausa:
Shi ma littafin sauraro ne, Malam, amma a rubuta "muryar na'ura" ɓaro-ɓaro a bango, mai saye ya san abin da zai ji. Na mutum kuwa, a ƙarƙashin sunan marubuci a sa "Ɗora murya: wane" ko "wance", da haruffan da ido zai gani.